Kada A Ba Da Bidiyon Biki Sai An Kalle Shi

Jama'a 'yan'uwa mazauna kurmi, yau ina so mu duba wata sana'a da samarinmu suka shiga da ƙarfi a Agege da Idi Araba da Sabon Badun, watau ɗaukar bidiyon aure da suna da wa'azi, da tace shi a kwamfuta. Sana'a ce mai kyau, ta fi zaman kashe wando. Amma akwai sakacin da ke haddasa rigima tsakanin masu hoto da masu biki, kuma tushensa guda ne: abin da mai tacewa ke gani a 'yar tagar kwamfutarsa ba shi ne aikin da zai fito ba.

Wannan taga ta ɗanɗano ce kurum, kamar yadda uwargida kan taɓa miya a harshe tun tukunya tana kan wuta. Manhaja irin su Adobe Premiere Pro takan bari a rage kyan hoton tagar zuwa rabi ko rubu'i domin kada ya riƙa sarƙewa. Takan kuma ja jan layi a saman wurin da ya yi wa injin nauyi, sai an sarrafa shi layin ya koma kore. Dafuwar gaske ita ce abin da masu sana'ar ke kira rendarin. A nan ne kwamfuta ke gina hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su da sauti da rubutu su zama fayil guda. Idan an ɗauka a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, to bidiyon awa ɗaya hotuna 90,000 ke nan, kuma a ma'aunin 1080 kowanne yana da ɗigo sama da miliyan 2. Wanda ake kira 4K kuwa ya ninka haka sau huɗu. To, ina laifin tsohuwar kwamfuta in ta kwana tana aiki?

A wannan gaɓar ce ɓarna kan shiga. Wayoyi da yawa ba sa tsayawa a kan adadin hoto guda cikin daƙiƙa, sukan ƙara su rage. In aka cusa irin wannan ba tare da an daidaita shi ba, farkon bidiyo sai ya tafi lafiya, amma kafin a kai ɗaurin aure bakin liman daban, muryarsa daban. Alhali akwai HandBrake, manhaja ce ta kyauta da ke daidaita shi tun kafin a fara tacewa. Haka kuma wani salon rubutun ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan ango, a ƙaramar taga kuwa wa zai lura? Ga kuma ɗauke wuta. Fayil ɗin MP4 da ya katse a tsakiya galibi ba ya buɗewa sam, sabo da jadawalinsa a ƙarshe ake rubutawa.

Don haka ni a ganina, mai hoton da ya miƙa aiki bai zauna ya kalli wanda ya fito daga farko har ƙarshe ba, lalle ya ci amana, ko da bai yi niyya ba. Ba a ɗaura aure sau biyu domin mai hoto. Kada kuma ya goge ainihin abin da ya ɗauka sai masu biki sun ce sun gamsu.

Amma ku ma masu biki da naku. Ba daidai ba ne a tashi biki da dare, da asuba a tasa yaro a gaba wai 'yan'uwa na jira a Arewa. Wanda ake tsaye a kansa ba zai kalli awa biyu ba. A ba shi kwana biyu ko uku. In kuwa za a aika gida ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, wanda tun 2022 yake ɗaukar har gigabait 2, domin in aka tura shi a matsayin bidiyo sai manhajar ta matse shi, fuskar amarya ta dushe, a zo ana zagin mai hoto a banza.