Yaran Shikago Sun Fi Dattawan Majalisarsu Iya Lissafi

A shekarar 2013 hukumomin birnin Shikago na Amurka sun rufe makarantun gwamnati kusan 50 a tashi ɗaya, galibinsu a unguwannin baƙaƙen fata na kudu da yammacin birnin. Hujjarsu ita ce ɗalibai sun ragu, kuɗi kuma babu. Shekara guda kafin nan an rufe shida daga cikin asibitoci 12 na birnin da ke kula da masu taɓin hankali da damuwa, nan ma da sunan tsimi. Sai ga shi a 2017 magajin gari Rahm Emanuel, wanda a hannunsa aka yi waɗancan rufe-rufen, ya sanar da gina makarantar horar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ta dala miliyan 95 a West Garfield Park, ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu. Ashe kuɗin suna nan, ba a dai ga wanda ya cancance su ba ne sai yanzu.

Waɗanda suka tsaya wa wannan magana matasa ne baƙaƙen fata, da yawansu 'yan sakandare, tare da ƙungiyoyi irin su Assata's Daughters. Sun kira gwagwarmayar tasu No Cop Academy, wato ba a son makarantar 'yan sanda. Buƙatarsu a fili take: a kai kuɗin makarantu, asibitoci, wuraren koyon sana'a da aikin yi ga matasan unguwa. Sun bi gida-gida a West Garfield Park suna tambayar mazauna abin da suke so. Sun shiga jiragen ƙasa na cikin gari suna yi wa fasinjoji bayani. Sun cika zauren majalisar birni, aka kuma kai ofishin magajin gari kotu don ya fito da wasiƙun da suka shafi aikin. Wata 18 suka yi a haka.

An ce yara ne, ba su san yadda ake tafiyar da birni ba. Ina ganin su ne suka karanta kasafin kuɗin da idon basira.

Babbar hujjar magajin gari ita ce rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a Janairun 2017, wanda ya ce horon 'yan sandan Shikago ba shi da inganci. Gaskiya ne rahoton ya faɗi haka. Amma me ya jawo binciken? A Oktoban 2014 ɗan sanda Jason Van Dyke ya ɗirka wa Laquan McDonald, yaro ɗan shekara 17, harsashi 16. Hukumomi suka riƙe bidiyon fiye da shekara guda, sai da alƙali ya tilasta aka sake shi. Abokan aikin Van Dyke sun rubuta bayanan da bidiyon ya ƙaryata, shi kansa kuma an sha kai ƙorafinsa kafin nan ba a hukunta shi ba. Wane sabon gini ne zai hana rufa-rufa? Wancan rahoton ya yi dogon bayani kan rashin hukunta masu laifi a cikin rundunar, amma sai aka zaɓi ɓangaren da ake iya ba da kwangilarsa. Ana ganin wuyan biri aka ɗaure shi a ƙugu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. A 2016 an kashe mutum fiye da 750 a Shikago, kuma iyayen da ke binne 'ya'yansu suna cikin waɗannan unguwannin ne. Suna da haƙƙin a kare su. To amma rundunar tana cin kusan dala biliyan ɗaya da rabi a shekara a wancan lokacin, wajen dala miliyan 4 ke nan kullum, kuma duk da haka mafi yawan kashe-kashen shekarun ba a kama kowa a kansu ba. A gefe guda, binciken da Sara Heller ta buga a mujallar Science a 2014 ya duba shirin bai wa matasan Shikago aikin hutun bazara na mako takwas. Waɗanda aka bai wa damar, kamun da ake yi musu kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a tsawon wata 16. A cikin birnin aka gwada, kuma ya yi aiki.

A sana'armu ta rubuta manhaja, idan shiri yana faɗuwa a wuri ɗaya kullum, ƙwararre yakan koma ya bi layukan ya ga inda kuskuren ya faro. Wanda ya ce a sayo babbar kwamfuta kawai, ko bai fahimci matsalar ba, ko yana da kaso a cinikin. Matasan nan sun bi layukan kasafin, suka ga makarantar da aka rufe, asibitin da aka kulle, sannan motar sintiri a bakin titi.

Sun sha kaye, babu musu. A Maris na 2019 majalisa ta amince da kwangilar da ƙuri'a 38 da 8, aka kuma buɗe makarantar a 2023. Sai dai a ƙuri'ar farko ta sayen fili a 2017, kansila ɗaya tak, Carlos Ramirez-Rosa, ya ƙi. Yaran da yawancinsu ba su kai shekarun zaɓe ba su suka mayar da ɗaya ta zama takwas. A 2023 kuma Brandon Johnson, tsohon malamin makaranta, ya ci kujerar magajin gari da alƙawarin sake buɗe asibitocin nan da ƙara guraben aiki ga matasa.

Duk wanda ya taɓa jin gwamna ya ce babu kuɗin gyara azuzuwa, alhali kuɗin tsaro na fita ba tare da an tambayi inda suka shiga ba, zai gane wannan rigima. Yaran Shikago sun nemi takardun, suka karanta alƙaluman, suka tsaya gaban kansiloli suka tambaye su layi bayan layi. Wanda zai kira su yara, ya fara amsa tambayar da suka yi: me ya sa aka samu miliyan 95 a birnin da ya ce ba shi da kuɗin riƙe asibiti shida?