Tabarau na kwamfuta da inuwar dogonyaro

A 'yan shekarun nan masu bincike a Turai da Amurka suna sa wa mutum wani tabarau mai haɗe da kwamfuta, ya ga kansa tsaye a kan titin da aka ƙirƙira. Sai a cire itatuwan titin, ko a ƙara motoci da hayaniya, ana auna bugun zuciyarsa da gumin tafin hannunsa. Abin da akan samu shi ne, jiki ya fi natsuwa a titi mai ganye.

Tun 1984 Roger Ulrich ya ga irin wannan ba da wata na'ura ba. Ya bi bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu ke duban itatuwa sun riga masu duban bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin kashe ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Ban raina tabarau ɗin ba. Yana ba mai tsara gari damar gwada titi kafin a zuba siminti. Sai dai ido da kunne kawai yake ruɗa. Bai san zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano ba, balle warin kwata ko cizon sauro bayan Kogin Kwara ya yi ambaliya irin ta 2020. Ga mutumin Bahindi ko Bagudo kuwa, waɗannan su ne suke kwantar da yaro.

Abin da ya dame ni shi ne, abin da waɗancan ke kashe kuɗi suna kwaikwaya a kwamfuta, mu muna da na gaske, muna sarewa. Garuruwan kan hanyar iyakar Binin suna faɗaɗa, dogonyaron ƙofar gida yana komawa shago ko buhun gawayi. Tsoho mai hawan jini da ke wuni a gindinsa tare da abokan hira ya koma ɗaki shi kaɗai, ana kai masa magani da tuwo.

Inuwa ba ta maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta, kada a bar shan magani. Amma in kuna da majinyaci a gida, ku matsar da shimfiɗarsa kusa da taga, ku ɗaura gidan sauro, da la'asar ku fito da shi tsakar gida. In kuma an zo auna filin shago, a ja layin ya kauce wa itacen.