Shuka Ɗaɗɗoya Da Ajiyarta: Shawara Ga Malamai Da Iyaye Na Ƙasar 'Yargalma

Hausawa su kan ce, "Ido, wa ka raina?" Ya ce, "Wanda na ke gani kullum." Haka al'amarin ɗaɗɗoya ya ke a wurinmu. Ga ta nan bayan ɗaki, ga ta gindin danga, awaki na ratsa ta, yara na tattake ta, ba mai kula da ita sai ran da uwargida ta ɗora farfesu, ko maigida ya so shayi mai ƙamshi. To, ni ra'ayina shi ne, ya kamata kowane gida na 'Yargalma da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya daina dogara ga wadda ta fito don kanta. A shuka ta da gangan, cikin ƙasar da aka san asalinta, a kuma shanya ta inda ƙura ba ta kai. Zan kawo dalilaina, mai karatu ya auna.

Da fari dai, ba ƙaramin ganye ba ne kamar yadda mu ke zato. Iri-iri ce. Akwai babba mai faɗin ganye, wadda ta kan yi tsawon mutum, ta shekara da shekaru ba ta mutu ba. Ita Yarbawa ke kira efirin, ƙamshinta kuwa ya kan yi kama da na kanumfari, gama man da ke cikin ganyenta dangin na kanumfari ne. Akwai kuma ƙarama mai taushin ganye, wadda ta kan fito da damina ta bushe da rani. Larabawa na kiranta raihani. Mutanen Italiya su kan kirɓa ɗanyen ganyenta da tafarnuwa da cuku da man zaitun, su yi wani abin haɗi da a ke alfahari da shi a birnin Janowa. Mutanen Hindu kuwa da yawa ba su raba tsakar gidansu da wata irinta da su ke kira tulsi. Abin da waɗansu ke gina wa mazauni a tsakar gida, mu a juji mu ke barinsa.

Na sani wani zai ce, "Malam, wannan ai neman wahala ne. Abin da ke tsirowa ba a shuka ba, don me za a ɓata lokaci a kansa?" A wani gari maganarsa tana da kama. Amma a 'Yargalma ba ta da ita, kuma duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2010 ya san dalili. A shekarun nan da zinariya ta yi tsada, mutane suka riƙa kawo duwatsun haƙa har cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Ashe duwatsun nan cike su ke da dalma. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta suma suna mutuwa, ba kuwa sanƙarau ba ne, ba zazzaɓin cizon sauro ba. Da ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka, sai suka tarar cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu cikin shekara guda. Watau ɗaya cikin huɗu ke nan. A ƙasar duka, har da su Abare da Sunke da Bagega, an ƙiyasta yara wajen 400 suka tafi.

Ina ruwan wannan da ɗaɗɗoya? Ruwansu ƙasa. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin shanu, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tafasa kuwa ba ta kashe ta yadda ta kan kashe ƙwayar cuta. Inda ta zuba nan ta ke zama, sai an kwashe. Tsiro ya kan ɗan ja ta da saiwarsa, amma babbar hanyarta zuwa tukunya ita ce ƙurar da ke sauka kan ganye, da feshin laka da ruwan sama ke watsa wa tsiron da ke kusa da ƙasa. Ɗaɗɗoya kuwa ganyenta a ke ci. Saboda haka wadda ta fito a tsohuwar mashanya, ko bakin kududdufin da aka taɓa wankin zinariya, ko kusa da inda injin ya zauna, kome kyawunta kada a tsinke ta.

Ga yadda za a yi. A sami tsohuwar tukunya, ko fasasshen tulu, ko bokitin da ya huje, muddin dai bai taɓa shiga aikin zinariya ba. A huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, gama saiwar ɗaɗɗoya ba ta son kwana cikin ruwa. A ɗebo ƙasa daga gona mai nisa da wurin haƙa da wurin niƙa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki da ɗan rairayi. Irinta ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar riɗi ba, don haka ba a binne su da zurfi. A barbaɗa a sama, a rufe da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa da hannu. Cikin mako guda ko kwana goma za a ga tsiro. Wanda bai sami iri ba ya roƙi reshe wurin maƙwabci, tsawon taƙi ɗaya, ya zage ganyen ƙasa, ya tsoma cikin kwalbar ruwa. Kafin mako biyu ya yi saiwa, sai a dasa. Tukunyar kuwa a aza ta bisa duwatsu ko kututture, inda rana ke samunta da safe, inda akuya ba ta kai.

Asirin yawan ganye ɗaya ne, watau tsinka. Kadan ta kai tsawon taƙi, a tsinke kanta daidai bisan gaɓa, sai rassa biyu su fito maimakon ɗaya. Da an ga fure a cire, gama in ta yi fure sai ta mai da ƙarfinta ga 'ya'ya, ganye ya tsufa ya yi ɗaci. Amma a bar tushe ɗaya ko biyu su yi fure har su bushe, a murje a sami irin baɗi. Mai tukunya bai damu da ɗaukewar ruwan sama cikin watan Oktoba ba, ruwan da bai fi buta guda ba ya ishe shi kowace rana. Da hunturu sai a matsar da ita jikin bango inda iska ba ta buga ta.

Wajen ajiya ne a kan yi ɓarna mai yawa. Mun saba shanya kuka da kuɓewa da yakuwa a rana, bisa tabarma, a ƙasa. Ɗaɗɗoya ba ta son haka, don ƙamshinta mai ne mai tashi, zafin rana na kore shi, ganyen ya yi baƙi ya zama kamar ciyawa. A tsinke ta da safe bayan raɓa ta ɗauke, a wanke hannu, a wanke ganyen sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, a girgije. Sa'an nan a baza bisa faifai, a rufe da ƙyalle mai shara-shara, a ɗora bisa ragaya cikin ɗaki mai shan iska. Da kaka kwanaki kaɗan sun isa. In ganye ya karye tsakanin yatsu ya bushe ke nan, in ya lanƙwashe a ƙara masa kwana, don kada ya yi fumfuna. A zuba shi ɗungum cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, a ajiye a duhu, sai an zo girki a murje, kuma a sa shi gab da sauke tukunya. Buhun da ya taɓa ɗaukar duwatsun haƙa kada a shimfiɗa shi don shanya, turmin da ya taɓa daka su kuwa ya rabu da abinci har abada.

Wani kuma zai ce, "Ai an kwashe ƙasar." Gaskiya ne. Cikin daminar 2010 ma'aikatan TerraGraphics da Blacksmith, tare da samarin gari, sun kankare ƙasar sama ta gidajen 'Yargalma, suka binne ta bayan gari, suka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aka yi tata. Aikin nan ya ceci rayuka, ba mai musu. Amma buhu guda na duwatsu da aka shigar gida, ko rigar aiki da aka kakkaɓe a tsakar gida, ya isa ya mai da hannun agogo baya. Rigakafi ya fi magani. Kada kuma a ɗora wa ɗaɗɗoya kayan da ba nata ba. Ƙamshinta ya kan ɗan kori sauro, amma ba ta maye gurbin gidan sauro, ba ta kuwa fid da dalma daga jini. Yaron da a ke shakkarsa, asibiti za a kai shi a auna jininsa.

Ya 'yan'uwana masu koyon malanta, nan aikinmu ya ke. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In an tura ɗayanmu makaranta a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya jera tukwane goma gaban aji, ya ba kowane rukunin yara tasu. Yaron da ya san don me aka tafi nesa ɗebo ƙasa, don me a ke wanke ganye, don me ba a shanya a ƙasa, ya koyi darasin dalma duka ba tare da an tsorata shi ba. Ran hutu kuwa ya ɗauki reshe ya kai wa uwarsa, darasin ya shiga inda malami namiji ba shi da ikon shiga. Kuɗin aikin nan bai wuce tsohuwar tukunya da ɗan haƙuri ba. Allah ya ba mu ikon yi, ya raya mana ƙannenmu cikin lafiya, amin. Haza wasalam.