Direba ba ya tuƙi yana karɓar kuɗin mota

Injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa wajen sassaƙa katako ko ƙarfe, bai san "dakata kaɗan" ba. Da zarar haƙorinsa ya kama ƙarfe, dole umarni ya riƙa isowa a kan kari, in ba haka ba aiki ya sami tabo ko haƙori ya karye. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a ɗora wa manhaja ɗaya tuƙa injin da kuma zana hotuna a allo. A manhajar sarrafa inji ta LinuxCNC, ɓangaren motsi yakan sabunta lissafinsa sau 1,000 a daƙiƙa guda, kuma shi ake fara saurara. Allon da ma'aikaci ke latsawa sai ya jira, ba wanda zai mutu. Masu amfani da manhajar GRBL sun fi raba gari: 'yar ƙaramar na'urar Arduino ke tuƙi, kwamfuta kuwa yaron mota ce, tana miƙo layukan umarni na G-code ta USB. Akwai tsada, na yarda, don gano matsala a wuri biyu ya fi wuya. Amma maɓallin tsayar da inji cikin gaggawa, wannan kam waya za a ja masa kai tsaye, kada ya bi ta allo.