Ƙarancin Jini Ga Magidanci: A Nemi Dalili Kafin A Sha Tonik

Sau da yawa mutum yakan je asibiti a ɗebi jininsa, a ce masa jinin ya yi ƙasa. Daga nan sai ya biya kemis ya sayi tonik, iyali su dafa masa zogale da hanta, a ɗauka magana ta ƙare. Mu a ganinmu, a nan ne ma ya kamata magana ta fara.

Mace mai ciki ko mai haila, dalilin ƙarancin jininta yawanci sananne ne. Amma in magidanci ne, ko macen da ta daina haila, aka tarar sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jiki, dole a tambaya: ta ina jinin yake zurarewa? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce sankarar babban hanji. Ƙarin da ya tsiro a hanji, musamman ta ɓangaren dama, yakan riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan cikin bayan gida, wata da watanni, ba tare da ido ya gani ba. Tonik yana iya ɗaga jinin na ɗan lokaci, cutar kuwa tana can tana yaɗuwa.

Haka kuma, wanda aka ce masa jininsa lafiya lau kada ya saki jiki. Gwajin jini na yau da kullum ƙirga ƙwayoyin jini yake yi, ba ya ganin ƙari a hanji, kuma mutum yana iya ɗauke da cutar sakamakonsa ya fito daidai. Ko gwajin nan da ake kira CEA, likitoci sun fi amfani da shi ne wajen bibiyar wanda aka riga aka gano yana da ita. Abin da ke nuna hanya shi ne gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida, sannan a zura siririn bututu mai kyamara a duba hanjin.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 suka kamu da wannan sankara, fiye da 900,000 kuma suka mutu. A 2021 Amurka ta rage shekarun fara bincike daga 50 zuwa 45. Alhali in an gano ta da wuri, tiyata tana warkar da mutane da dama.

Babbar matsalarmu a nan ita ce kome muka gani sai mu ce basir ne. Jini a bayan gida, rama ba dalili, canjin yanayin bayan gida na makonni, ko ɗan'uwa na jini da ya taɓa yin cutar, duk abin faɗa wa likita ne ba tare da kunya ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan lafiya kada su sallami babban mutum mai ƙarancin jini da ƙwayoyi kawai. Ku kuma masu karatu, in an miƙo muku takardar sakamako, ku tambayi likita: me ya jawo wannan?