Sa sunan uwargida a takarda ba ya mayar da kamfani nata

Jiya bayan sallar Isha'i muna tsaye a ƙofar masallaci a nan Bronx, wani ɗan'uwa ya ja ni gefe. Yana da ɗan kamfaninsa na shara da goge-gogen ofisoshi, shekara shida yana fama, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Ya ce, "Malam, an ce ka iya cike takardun nan. So nake na mayar da kashi 51 na kamfanin da sunan maman yara, mu samo satifiket ɗin nan na mata, mu ma mu fara samun kwangilar gwamnati." Na ce, ita ke tafiyar da shi? Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ko ofishin ba ta taɓa zuwa ba. Suna ne kawai."

Na ce masa ba da ni ba. Ya ji haushi, na gani a fuskarsa. In ya karanta wannan ya yi haƙuri, ban faɗi sunansa ba, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ga 'yan'uwa na gida da ba su san zancen ba: gwamnatin tarayyar Amurka na kashe sama da dala biliyan 700 duk shekara a kan kwangiloli, daga jirgin yaƙi har sharar ofis. Doka ta ce a yi ƙoƙari kashi 23 cikin 100 ya je ga ƙananan kamfanoni, kashi 5 ga kamfanonin mata, wani kashi 5 ga na mutanen da aka daɗe ana dannewa. Kafin ka samu kwangilar da aka keɓe wa kamfanonin mata sai an tantance ka an ba ka takardar shaida. A tarayya hukumar SBA ce ke bayarwa, jihohi da birane kuma kowa da tasa. A jihar New York ana kiranta MWBE, kuma burin jihar kashi 30 ne. Wani bambanci da ya shafe mu: ta tarayya sai ɗan ƙasa, amma ta jiha da ta birnin New York mai katin zama na dindindin ma yana iya nema.

Ba don kyauta aka ƙirƙiro abin ba. A Atlanta, garin da baƙaƙen fata suka kai rabin jama'a, abin da kamfanoninsu ke samu daga kwangilolin birni bai kai kashi 1 cikin 100 ba kafin a zaɓi Maynard Jackson magajin gari a 1973. Shi ne ya tsaya kai da fata ya ce ba za a gina sabon filin jirgin sama ba sai an ba su rubu'in aikin. Aka yi ta kumfar baki, a ƙarshe aka yi yadda ya ce, filin jirgin kuma ga shi nan yau da sunansa a jiki. Su kuwa mata, tun 1994 aka sa musu burin kashi 5 ɗin nan, amma sau biyu kacal gwamnatin tarayya ta taɓa cika shi, a 2015 da 2019. Kashi biyar fa, ba hamsin ba.

To wannan 'yar ƙofar, wadda ko cika ta ba a yi, ita ɗan'uwana ke so ya kutsa ta da zanen matarsa.

Abin da bai sani ba shi ne, masu tantancewar ba suna kaɗai suke dubawa ba. Mallakar kashi 51 sharaɗi ne na farko. Na biyu, kuma shi ne mai wuyar, ita ce za ta kasance mai riƙe da ragamar kamfanin a zahiri. Wa ke sa hannu a cak? Wa ke ɗaukar ma'aikaci, wa ke sallama? Kuɗin da ta sayi kasonta daga ina suka fito? Wa ya san nawa ake caji a share bene ɗaya? Za su nemi takardun haraji, na banki, na haya, tarihin aikinta, wani lokaci su zo har wurin su yi mata tambayoyi ita kaɗai. Da can a shirin mata na tarayya kai ne ke shaidar kanka, ka ce kamfanin na mace ne a yarda. Tun Oktoban 2020 aka rufe wannan hanyar, saboda an ga yadda ake wasa da ita.

Kuma wa zai sa hannu a kan ƙaryar? Ita. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Baiwar Allah tana gida tana fama da yara, an kawo mata takarda da Turanci an ce sa hannu nan, ta sa don ta yarda da mijinta. Yi wa gwamnatin tarayya ƙarya a takarda laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyar, ga wanda kuma bai zama ɗan ƙasa ba, shari'ar zamba na iya taɓa zamansa a ƙasar gaba ɗaya. Shi ya ci riba, ita ta ɗauki zunubin da sunanta. In kuwa ka ce a'a, da gaske ka ba ta, to madalla, amma ka sani nata ne fa, har ranar da aka ɓata. Da na faɗa masa haka sai ya yi shiru.

Kar kuma wani ya ce ai ba a kamawa. A watan Mayun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin zamba a kan wani ɗan kwangilar fenti da ya samu aikin gada da tashar jirgin ƙasa a Philadelphia. Ya yi alkawarin sayen kaya daga kamfani mai wannan shaidar, ashe kamfanin na jeka-na-yi-ka ne, rasit kawai ke bi ta hannunsa ya ɗauki 'yar la'ada. Ya ce wa kotu ai aikin ya yi kyau, gwamnati ba ta yi asarar sisi ba. Kotu ta ce ƙarya ka yi ka karɓi kuɗin, zamba ce ko ba a yi asara ba.

Yanzu ga abin da ya sa lokacin ya fi muni. Shirin gaba ɗaya yana shan suka. A Yulin 2023 wata kotun tarayya a Tennessee ta hana SBA ɗauka cewa duk baƙin fata ko ɗan wata ƙabila ta tsiraru ya cancanci shirinta na 8(a) don launinsa kawai, sai kowa ya rubuta irin wariyar da aka nuna masa da yadda ta cutar da sana'arsa. Wadda ta kai ƙarar kuma mace ce farar fata mai kamfani, ka ji ikon Allah. Gwamnatin Biden ta ɗaga burin marasa galihu zuwa kashi 15, ta Trump ta mayar da shi 5 tun farkon 2025. A Oktoban 2025 ma'aikatar sufuri ita ma ta cire launi da jinsi daga hujjojin shiga nata shirin.

Masu adawa na cewa gwamnati ba ta da hurumin duba launin mutum ko jinsinsa wajen raba aiki, kuma sau da yawa masu hannu da shuni ne ke morar shirin ba talaka ba. Gaskiya kashi na biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Ni kaina nakan ji nauyi in tuna cewa jikokin bayi ne suka sha duka da ɗauri kafin a buɗe ƙofar nan, mu muka zo daga baya da jakarmu muka tarar da ita a buɗe. Amma ban yarda a rushe ta ba. Kwangila a ko'ina cikin duniya wa-ka-sani ce. Wanda kakansa ya yi aiki da hukuma, banki ya san gidansu, kamfanin inshora zai tsaya masa, ba daidai yake da macen da ta fara da mota ɗaya da bokiti ba. Takardar ba ta ba ta aiki, tana sa a ga sunanta ne a jerin waɗanda za a kira. Sai dai duk lokacin da aka kama kamfanin bogi, masu son a rushe shirin sun samu hujja a ɓagas. Ba sa buƙatar su ƙirƙiro ƙarya, mu muke kai musu.

Halin kuma daga gida muka taho da shi, mu daina ɓoye-ɓoye. Wa bai san yadda ake rajistar kamfani da sunan mata da 'ya'ya, har da jariri, don a cika gurbin daraktoci ba? Ko a ce an ware tallafi don mata, ka ga layin cike da matan manya, mai ƙosai tana can bakin titi ba ta ma ji labari ba? A can an saba, ba mai tambaya. A nan akwai mai tambaya, kuma yana ajiye takarda.

Akwai wata Hajiya a unguwarmu da ke dafa abincin biki da na taro, shekara tara ke nan. Ita ke cefane, ita ke biyan 'yan aikinta huɗu, ita ke rigima da mai haya. Mijinta direba ne, ko kuɗin tiren shinkafa ɗaya bai sani ba. Irinta aka yi wa takardar nan, amma ba ta taɓa nema ba, wai tsoron takardu take, kuma rabin cinikinta a hannu ake biyanta ba ya shiga banki. Nan aikin yake. Sai an gyara mata lissafi, an raba asusun gida da na sana'a, an daidaita haraji, kafin a je ga batun shaida. Neman ta birni ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya ce ki kawo dala dubu ya samo miki, ki riƙe kuɗinki.

Na yi mata alkawarin ranar Asabar za mu zauna da 'yarta mu fara tattara rasit. Shi kuma ɗan'uwana na ce masa, kai baƙin fata ne, kamfanin naka ne, kai ke tafiyar da shi, me ya hana ka nema da sunanka a ɓangaren tsiraru? Ya ce wallahi bai san ya cancanta ba. Shi ma na ce ya zo Asabar ɗin, ya taho da takardun harajinsa na shekara uku, ya bar maman yara ta huta.