Naira da Turkenta: Kada Garke Ya Ruɗe Mu

Duk lokacin da naira ta faɗi, sai mu ji masana suna lallashinmu da cewa faɗuwar ta wuce kima, kuma ko ba jima ko ba daɗe za ta koma darajarta ta gaskiya. Wannan magana ba daga sama ta faɗo ba. Tushenta wani ra'ayi ne da Gustav Cassel, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Suwidin, ya raɗa wa suna a 1918, wato daidaituwar ƙarfin saye. Abin nufi shi ne, kuɗin da ya sayi buhun gero a Dawanau, in aka canza shi zuwa sefa, ya kamata ya sayi buhu irinsa a Maraɗi. In ba haka ba, fatake za su yi ta jigila har farashi da canji su daidaita.

To, yaya za a gane ko haka abin yake? Mu ɗauki canjin kuɗi, bayan an cire hauhawar farashi, tamkar akuya. In tana da turke, kome nisan da ta yi igiya za ta jawo ta. In kuwa sakakkiya ce, inda ta kwana nan ne gidanta. Gwajin da Dickey da Fuller suka fitar a 1979 aikinsa ke nan, neman turke. Amma da aka gwada shi a kan kuɗaɗen da aka saki tun 1973, sai ya kasa ganin igiyar, domin shekarun sun yi kaɗan.

Sai masana suka yi dabara: maimakon akuya ɗaya, a tara garke guda a gwada gaba ɗaya. Levin da Lin suka share fage a 1992, Im da Pesaran da Shin suka kyautata hanyar a 2003. Frankel da Rose kuwa, a 1996, sun haɗa ƙasashe 150 na tsawon shekara 45, suka ce lalle akwai turke, kuma rabin giɓin yakan cike cikin kimanin shekara huɗu.

A nan ne muke roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai su yi hattara. Tambayar da ake yi wa garke ita ce, shin dukkan awakin nan sakakku ne? In gwaji ya ce a'a, abin da ya tabbata kawai shi ne akwai masu turke a ciki, wataƙila uku ko huɗu. Bai ce tamu tana cikinsu ba. Taylor da Sarno sun ja kunne a kan wannan tun 1998. A shekarar nan kuma O'Connell ya nuna wata ɓaraka: tun da dala ce ma'aunin kowa, in ta motsa sai garken duka ya motsa tare, mai gwaji ya ɗauka shaidu ɗari ya samu, alhali kuwa shaida ɗaya ce ta yi magana sau ɗari. Da ya gyara wannan, sai hujjar ta zube.

Balle kuma naira, wadda ta shafe shekaru tana da farashi biyu, na Babban Banki da na bayan fage. Wanne aka sa a lissafin? Sau da yawa na hukuma ne, wanda ɗan kasuwar Kwari bai cika samu ba. Kuma ko da an yarda da shekara huɗun nan, a gaya wa ƙaramin ma'aikaci ya jira shekara huɗu kafin rabin asararsa ta dawo, a ji amsar da zai bayar.

Ba muna cewa a watsar da hanyar ba ne. Kayan aiki ce mai kyau a hannun wanda ya san iyakarta. Abin da muke ƙi shi ne mai kundin digiri ya zuba ƙasashe talatin a kwamfuta, ya ga tauraro a gefen lamba, ya rubuta cewa naira za ta farfaɗo. A ware naira a gwada ta ita kaɗai, da farashin kasuwa, a kan dala da kuma sefar da muke ciniki da ita kullum. A kuma lura da inda aka tumɓuke turken da kansa aka sake kafa shi: Satumban 1986 da aka buɗe kasuwar canji ta biyu, Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, da Yunin 2023 da aka saki naira.